Karkataccen Buzun Liman

Shekarun baya, zamanin da farar hula suka karɓi mulki karo na biyu, ina ma'aikacin safiyo a Boɗinga. Ga waɗanda ba su san aikin ba daga cikinku, mu ne masu auna ƙasa: mu fitar da iyakar gona, mu ja layin hanya, mu kafa fegi inda za a aza gini. Na daɗe ina jinkirin ba ku wannan labari. Ban manta da shi ba ko kaɗan; shi kaɗai ne dai abin da har yau idan ya faɗo mini a rai, sai na ajiye duk abin da ke hannuna.

Ya kamata ku fara sanin irin mutumin da nake a lokacin. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin En'e ne, aiki kuma ya kai shi wani gari inda babu makarantar boko sai ta mishan. Nan ya sa ni, bisa sharaɗin in riƙe sallata, na kuwa riƙe. Abin da na ɗauko daga wurinsu shi ne horo. Malaminmu na lissafi yakan duba layin da ka ja da rula, idan ya kauce da kaurin gashi, sai ya yage shafin gaba ɗaya ba tare da ya ce maka uffan ba. Da wannan hali na fito, na kuma ɗauke shi abin ado. Lokacin da aka ɗora mini horar da sababbin ma'aikata, dokar farko da nake karanta musu ita ce: kamfas, wato na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, ba ya shiri da ƙarfe. Kafin ka buɗe shi, ka nisanci mota da taku ashirin, ka cire agogo, ka fitar da makullai daga aljihu. Na taɓa mayar da wani daga cikinsu ya sake awon yini uku cur, a ƙafa, cikin zafin bazara, don kawai na ji motsin makulli a aljihunsa. Ku riƙe wannan mai makulli a ranku, domin zai dawo.

A ƙarshen wata damina, mutanen wani ƙauye da ke tsakanin Dandin Mahe da Lambara suka tashi gina masallacin siminti. Na ƙasan da suka gada ruwa ya cinye shi. Wani manomi da gonarsa ke maƙwabtaka da tsohon masallacin ya ba da gefenta, maigari kuma ya aiko a roƙe ni in zo in fitar musu da alƙibla, domin a wancan zamani duk abin da aka ce na'ura ta faɗa, magana ta ƙare. Na zauna na yi lissafina a takarda, na maimaita shi sau uku. Daga ƙasarmu, alƙibla tana gabas, amma ta karkata wajen arewa: digiri saba'in da ɗaya ke nan idan ka fara ƙirga daga arewa. Wannan lissafi daidai yake, kuma har gobe ina tsaye a kansa.

Da muka isa da motar ofis, sai na tarar da abin da ban shirya masa ba. Dawa ce a filin, ta fi tsayin mutum, ta fitar da kai amma ba ta nuna ba. Na ce a sare mini hanya ɗaya a tsakiya domin in hango sandar awo. Mai gonar ya dube ni kamar na ce a yanka masa ɗa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, hili dai na ba Allah. Amma garinga ba a sare hatsi da ɗanyen kai. Ko kara guda. A bari a yi girbi."

Dattawa suka gyaɗa kai. Maigari ya ce idan ba zai yiwu ba, in dawo bayan wata guda, ba gaggawa. Mai hankali da ya karɓi wannan shawara ya koma gida. Ni kuwa ba mutumin da ke zuwa wuri sau biyu don aiki ɗaya ba ne, kuma ga jama'a sun taru suna jiran su ga ilimi.

Sai dabara ta zo mini. Motar tamu irin ta shiga daji ce mai buɗaɗɗen baya, kuma na san jikinta na alminiyam ne, irin wanda ake ƙera tukunya da shi, wanda ba ya jan allura. Na ce a raina, doka ta hana kusantar ƙarfe, wannan kuwa ba ƙarfe ba ne. Na sa aka matso da ita bakin gonar, na hau baya na miƙe tsaye, sai ga ni bisa kan dawa ina hangen ko'ina. Aka ɗaure jan ƙyalle a doguwar gora, wani ya ratsa da ita cikin karan a hankali. Ina duba kamfas ina yi masa alama da hannu: dama, ƙara dama, tsaya. Aka kafa fegi.

A nan ne limamin garin ya matso. Dattijo ne siriri mai sanyin murya, da buzunsa a hammata. Ya tsaya a gindin motar, dole ya ɗaga kai kafin ya ga fuskata.

"Malam Safiyo, halan in yi magana?"

Na ce ya yi.

Ya nuna wata kuka da ke tsaye ita kaɗai can nesa, bayan gonaki. "Ka ga kuka waccan? Ubana ya gwada mani ita, shi ko ubanai ya gwada mashi. Kwanakkin da aka jiran ruwan shuka, bisa kanta rana taka hitowa. Can alƙibla take. Gorar taka ta yi dama da yawa."

Zan rubuta amsar da na ba shi kamar yadda na faɗe ta, ba zan rage mata kaifi ba. Na ce, "Malam, kuka itace ce, itace kuwa ba ya lissafi. Da da kuka ake auna ƙasa, da gwamnati ba ta tura mu makaranta ba, da daji ta tura mu."

Aka fashe da dariya. Wani mai babbar murya daga cikin taron, manomin albasa ne sananne a garin, ya ce, "Liman, bar ɗan boko shi yi aikinai! Kai ka ja mu salla, shi shi ja muna layi."

Liman bai ƙara ko kalma ba sai, "To, Allah shi ba mu alheri." Ya gyara buzunsa ya koma baya. Ni kuma na sauko na kaɗe wandona, aka kawo mini fura mai sanyi, na sha ina jin kaina kamar wanda ya fitar da gari guda daga duhu.

Aka yi girbi, aka gina masallaci a kan feguna. Bayan haka labarin garin yakan iso ni jefi-jefi, ta bakin masu zuwa kasuwa. Aka ce Liman ya karɓi sabon masallaci, yana jan salla kamar kullum, sai dai duk lokacin da ya shimfiɗa buzunsa sai ya karkata shi hagu. A miƙe masa, ya yi godiya, gobe a sake tarar da shi a karkace. Sahun farko ya rasa wanda zai bi, bango ko liman. Tun ana yi masa magana a ɓoye har aka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Bayan 'yan shekaru, cikin ladabi irin na mutanenmu, aka ce ya huta, na'ibinsa ya ci gaba. Mutumin da ubansa da kakansa suka ja garin salla, aka mayar da shi sahun baya da sunan ruɗewa. Da aka gaya mini, na tuna abin da na ce sarai: "Taurin kai ne kawai." Na ci gaba da cin abincina.

Shekara goma sha uku suka wuce. Farar hula sun daɗe da tafiya, ƙasa ta shiga ƙunci, man fetur ya zama abin da ake bin layi yini guda a kansa. Ofishinmu ya koma wurin zaman hira, motocinmu duk suna kan duwatsu. Ni kuma ina dab da ajiye aiki. Ana cikin haka aka turo wata tawaga ta zana taswirar fadamun da ake noman rani a yankin, aka ce in raka su tun da ni na san ƙasar.

Shugaban tawagar ya sauko daga mota, ya rusuna ya gaishe ni. "Malam, ba ka gane ni ba?" Na dube shi da kyau. Mai makulli ne. Ya zama cikakken injiniya, ya yi karatu har ƙasashen waje, furfura ma ta fara leƙo masa. Ya zaro makullansa daga aljihu ya kaɗa, yana dariya. "Ka ga har yau ban rabu da su ba. Amma duk lokacin da na ji ƙararsu sai gabana ya faɗi."

Motar tasu ce ta ɗauke mini hankali. A bisa rufinta akwai wasu fararen abubuwa guda biyu masu kama da faranti, ɗaya wajen goshi, ɗaya wajen baya, an jera su daidai tsakiyar motar. Wayoyi suka sauko daga gare su zuwa wani akwati mai allo a gaban kujerar injiniya. Na ji labarin cewa akwai taurarin ɗan'adam da ke gaya wa mutum inda yake a doron ƙasa. Abin da ban sani ba shi ne har inda hancin mota ya dosa suna iya faɗa, ko da tana tsaye cik.

Ya yi mini bayani cikin natsuwa, yadda ni ban taɓa yi masa ba. Ya ce kowane faranti eriya ce da ke sauraron saƙon taurarin. Saƙon tauraro guda yakan riga isa ga eriya ɗaya kafin ɗayar, da ɗan bambancin da hankali ba ya iya kamawa, amma na'ura tana kama shi. Idan ta haɗa wannan bambanci daga taurari da yawa, sai ta san yadda layin da ke tsakanin farantan biyu ya kwanta. Layin nan kuwa shi ne tsawon motar. Saboda haka lambar da ke kan allo ita ce inda motar ta fuskanta, ana ƙirgawa daga arewa ta gaskiya. Ya ce, "Babu allura a ciki, Malam. Ƙarfe ba ya ruɗa ta. Ko buhun makullai ka ɗauko, ba ruwanta."

Direbansu, wani magidanci mai barkwanci ɗan Dingyaɗi, ya ce, "Yallaɓai, motag ga ta hi ni sanin inda za ni. Ni dai tuƙi nika yi."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba. Na ce duk na'urar da ba a gwada ta a kan sanannen layi ba, ba a amince mata, wannan ita ce ƙa'ida. Injiniya ya ce haka ne. Na ce to, akwai layin da ni da kaina na fitar a nan kusa, wanda na san lambarsa kamar sunana. Mu je mu ga ko taurarinku sun iya aiki. Ku lura, babu wanda ya tilasta mini. Ni na nuna hanya, har ina gaya wa direba inda zai kauce wa yashi.

Mun isa bayan an idar da azahar, gari ya yi tsit. Na sa direba ya jera motar da bangon masallaci na gefe, wanda ya miƙe zuwa alƙibla. Ban yarda da idonsa ba. Na ɗauko tef na auna tazarar tayar gaba da ta baya daga bangon, har sai da suka zo ɗaya. Sa'an nan na tsaya a bakin taga, hannuwana a baya, na ce, "Saba'in da ɗaya. Karanta."

Injiniya ya dubi allo. Bai karanta ba. Ya danna wani abu, ya jira, ya sake duba.

Na ce, "Karanta mana."

Ya ce a hankali, "Tamanin da takwas, Malam."

Na yi murmushi irin na malamin da ya kama ɗalibi. Na ce na'urarsa ta lalace, ko kuwa kwanon rufin masallaci ya tare mata sama. Bai yi musu ba. Muka ja igiya daga bangon zuwa fili, nesa da kowane gini, muka jera motar da igiyar. Tamanin da takwas. Na ce a juya ta, hancinta ya dubi yamma. Aka juya, na yi ragin da ya kamata a cikin kaina, lambar ta dawo inda take. Sau huɗu muna yi. A na huɗun ma lambar ba ta canza ba.

Na ce, "A ba ni jakata."

Kamfas ɗina yana ciki, shi dai wancan, a kubensa na fata. Na cire agogo, na zazzage aljihuna, na sa aka janye motar can nesa. Na tsaya a kan igiyar na duba, na yi gyaran da ake yi tsakanin arewar allura da arewa ta gaskiya. Na sake dubawa. Kamfas ɗina da kansa, a hannuna, ya ce tamanin da takwas.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Digiri goma sha bakwai! Ni da nake yage wa mutane takarda a kan rabin digiri. Abin da ya fi ruɗa ni, na rasa inda kuskuren ya shiga. Lissafi daidai, kamfas lafiya lau, ido kuma nawa ne.

Direba ne ya matso, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Yallaɓai, to ran nan, ina kat tsaya?"

Na buɗe baki in ce a kan mota mai jikin alminiyam, sai ranar ta dawo mini. Na ga kaina a tsaye bisa kan dawa. Iska tana kaɗa ni, hannuna yana rawa, allura ta ƙi tsayawa. Domin in tsayar da hannun, sai na dogara gwiwar hannuwana biyu a kan sandar da ke gicciye a bayan motar, wadda ake ɗaura tamfol a kanta. Jikin motar alminiyam ne, gaskiya. Sandar nan kuwa baƙin ƙarfe ce, kuma kamfas yana bisanta da tazarar da ba ta kai taƙi guda ba. Shekara goma sha uku ban tuna da wannan sanda ba ko sau ɗaya. Na taka zuwa motarsu, na kusantar da kamfas ga ƙarfen bayanta. Allura ta zame gefe a gaban idona, cikin sauƙi, kamar tana jira a tambaye ta.

Injiniya ya kawar da kai. Da ya yi dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Na ce akwai abu guda da ya rage. Na shiga motar na zauna a gaba, na ce direba ya koma kusa da masallaci, ya riƙa juya hancinta hagu a hankali, injiniya yana karantawa. Tamanin. Saba'in da biyar. Saba'in da uku. "Tsaya. Saba'in da ɗaya." Duk wannan lokaci idona yana kan allo. Sai na ɗaga kai na dubi gilashin gaba.

Kuka ce. Tana tsaye can bayan gonaki, a tsakiyar gilashin daidai, kamar da rula aka aza ta.

Direba ya ce, "La'ilaha illallahu." Bai san labarin kukar ba, fuskata ya gani. Na ba su labarin duka a nan cikin motar, har da dariyar, har da buzun da aka yi ta miƙewa.

Injiniya ya ce, "Malam, aikin fadama aka turo mu, ba na masallaci ba. Babu wanda ya ga allon nan sai mu uku. Idan ka so, bayan ka ajiye aiki sai a turo musu takarda ba suna, su gyara sahunsu." Don ya rufa mini asiri ya faɗa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so in karɓa. Amma takarda marar suna sahu kawai za ta gyara. Mutumin da aka ce ya ruɗe, haka zai mutu da sunan ruɗaɗɗe. Na tambayi wata mata da ke wucewa da tulu ko tsohon Liman yana raye. Ta nuna mini gidan.

Na tarar da shi a zaure yana tufkar igiya da hannu, idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Na yi sallama. Ya amsa, ya ɗan karkata kunne.

"Muryar mai kamfas ce wagga."

Na durƙusa a ƙasa, da gugaggen wandona, abin da ban taɓa yi wa kowa ba ban da mahaifina. Na gaya masa komai: motar, farantan, taurarin da mutane suka harba sama, sandar ƙarfen da na dogara a kai. Ya saurara, hannunsa bai daina tufka ba.

Ya ce, "To, mi taurarin naku sunka ce?"

Na ce, "Sun ce kuka, Allah gafarta Malam."

Hannun ya tsaya. Ya yi wata 'yar dariya marar sauti, kafaɗunsa suna motsi. "Ashe dai itace na lissahi."

Na tambaye shi sallar mutane ta shekara goma sha uku, domin ita ce ta fi tsaya mini a wuya. Ya ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya ɗan karkace, bai juya mata baya ba, sallarsa ta yi, kada in ɗora wa kaina abin da Allah bai ɗora mini ba. Na ce to me ya sa bai ja da ni ba tun ranar, tun da ya san gaskiya tana wurinsa?

"In na ja, gari shi rabu biyu, wasu su bi ni, wasu su bi na'ura. Masallaci guda shi koma biyu. Sai nic ce in bi bango. Na yi niyya, wallahi. Ƙahwahuna ne sunka ƙiya."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, kafin ma in gama shan furata. "Amma abu guda, Malam Safiyo. Ba don ni ba, don ɗiyana da jikokina da aka ce ma jinin ruɗaɗɗe. Magana ta hwarko, gaban jama'a kaf faɗe ta. Ta biyun ma, can za ka kai ta."

Bayan sallar la'asar, da izinin maigari, na miƙe a ƙofar masallaci. Ban hau kan komai ba wannan karon. Na ce ni ne safiyon da ya fitar da alƙiblar wannan masallaci, na kuskure da digiri goma sha bakwai, ta hanyar karya dokar da ni kaina nake koyarwa. Na ce abin da Liman ya faɗa ran nan shi ne daidai, kuma duk shekarun da yake karkata buzunsa, shi kaɗai ne a garin yake fuskantar inda ya kamata. Salati ya tashi ta ko'ina. Wasu suka fita suka leƙa gilashin motar, suka ga kuka, suka dawo suna riƙe da baki. Manomin albasan nan mai babbar murya, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, ya zauna a dakali ya dafe kai yana ta maimaitawa, "Ni nic ce a bar ɗan boko. Ni da bakina."

Wani ya ce a rushe bangon gaba. Maigari ya tambaye shi ko ya san inda ake samun siminti a wannan zamani, maganar ta mutu a nan. Aka tsayar da shawara a gyara sahu a bar gini. Injiniya ya ɗauko layin daga jikin motar, muka shigar da shi ciki da igiya, na auna sau uku, na kuma roƙe shi ya duba bayana. Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na nemi wani ya duba aikina. Muka kafa ƙusoshi, muka ɗaure igiyar sahun farko, ta ratsa ɗakin a karkace.

Da magariba ta gabato, na'ibi da kansa ya je ya riƙo hannun tsohon ya shigo da shi, ya ce yau shi zai ja. Aka kai shi gaba aka sake shi. Babu wanda ya juya shi, babu wanda ya gaya masa inda igiya take. Ya shimfiɗa buzunsa, ya ɗan murza shi hagu da ƙafa kamar yadda ya saba, ya tsaya. Ina sahun farko, kuma ido na safiyo ba ya barin halinsa ko a masallaci. Na dubi gefen buzun, na dubi igiyar. Ko kaurin gashi babu tsakaninsu.

Bai koma limanci ba, ya ce makaho ya huta, amma har ya rasu babu wanda ya sake miƙe masa buzu, kuma jikansa ne ke jan garin salla yanzu.

Mutane sukan ce mini na yi jarumta da na fito na faɗa. Ba na karɓar wannan yabo. Da motar nan ba ta zo ba, da na shiga kabari ina ganin dattijon mai taurin kai ne, kuma wannan tunani shi ne har yau yake sa jikina ya yi sanyi. Kuskuren awo kowa yana yi. Nawa ya daɗe ne saboda an gaya mini tun fegi bai shiga ƙasa sosai ba, na amsa da ba'a. Da na sauko daga motar nan na yi taku ashirin na sake dubawa, aikin da bai fi shan kofin fura ba, da mutum bai rasa matsayin ubansa da kakansa ba.

Yanzu kowace wayar hannu tana nuna alƙibla, masallacin kuma an shafe shi da fenti, an ja layukan sahu da kore, duk a karkace. Na ji an ce baƙi sukan tambaya wane ne ya yi wannan gini haka. Da farko mutanen garin, don kara, sukan ce magina ne. Na aika na roƙe su su daina ɗora wa magina, domin a kan feguna suka aza tubalinsu. Su ce wani safiyo ne, wanda aka nuna masa kuka ya ce itace ba ya lissafi.